Rajistar tsofaffin kuɗin ƙasar Bauchi: inda aiki ya kai

Asabar, 9 ga Nuwamba 2024

Yau na buɗe rajista. Abin da nake so in haɗa shi ne jerin duk kuɗin da aka taɓa ciniki da su a ƙasar Bauchi, tun daga wuri har zuwa naira ta leda, kowane iri guda ɗaya mai lafiya, tare da bayanin gidan da ya fito. Ba kasuwanci na sa a gaba ba. In jerin ya cika zan sa a yi masa allo mai gilashi a riƙa zagayawa da shi makarantu, domin yaran yanzu ko kwabon 1973 ba su taɓa riƙewa ba, balle anini.

Jarin farko gwangwanin madara biyu ne cike da sulalla, na Goggo, ta ce in kwashe tunda jikoki sun mai da su 'ya'yan dara. Kayan aiki ba su da yawa: ƙaramin sikeli irin na masu sayar da zinariya, madubin ƙara girma na masu gyaran agogo, ma'aunin faɗi, mayen ƙarfe, sai littafi mai kaurin bango. Kowane shafi na ja masa gida bakwai: lamba, suna, shekara, irin ƙarfe, nauyi, lafiyarsa, da asalinsa. Gidan ƙarshe na fi ba fili. Shekara da nauyi kowa zai iya dubawa ko bayan ranmu, amma cewa wannan sulen yana cikin sadakin wance da aka kai Darazo, ranar da tsohuwar da ta sani ta cika, magana ta ƙare.

Asabar, 23 ga Nuwamba 2024

Na gama ware na Goggo, guda 231, fiye da rabi masu huda ne. Ina aiki tana gefe tana biya mini kamar mai karatun allo: anini goma kwabo, kwabo uku taro, shida sisi, sha biyu sule, sule biyu fataka, sule ashirin fam. Rabin kwabo kuwa, wanda mu muka taso muna ji da sisin kwabo, ita ɗari take ce masa. Ta ƙara da ahu da nai, wato kwabo ɗaya da rabi da kwabo tara, waɗanda a baki kawai ake lissafa su, ba su da ƙarfe nasu a wannan jerin.

Turawa sun shigo Bauchi a 1902, amma sai 1907 aka fara bugo wa ƙasar nan kwabo da anini nata na kanta. Aninin farko na alminiyam ne, bai jure ba, daga 1908 aka koma haɗin jan ƙarfe da nikel, farin nan da muka sani. Na farko-farkon suna ɗauke da sunan Najeriya a jiki. Daga baya aka cire, aka bar Afirka ta Yamma ta Ingila kawai, saboda hukumar kuɗin da aka kafa a 1912 kuɗi ɗaya take bugawa Najeriya da Gana ta wancan lokaci da Saliyo da Gambiya. Hudar tsakiya ta hana a sa kan sarki, sai kambi da sunansa da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. A baya kuma tauraro mai tsini shida da shekara. Hudar ta yi wa mutane daidai, sun saba zura wuri a zare, sai suka ci gaba da zura kwabbai.

Abin da ya fi cin lokaci shi ne ɗan harafin da ke kusa da huda, wanda sai da madubi ake ganinsa. H na nufin masana'antar Heaton ta Birmingham, KN ta King's Norton, SA ta Pretoria a Afirka ta Kudu, wanda ba harafi kuma na Landan ne. Kwabo biyu shekararsu ɗaya, sarkinsu ɗaya, amma harafin nan kan sa ɗaya ya zama ruwan dare, ɗaya kuma sai an tona.

Akwai guda tara na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gado a Disambar shekarar, bai cika shekara ba. A Ingila kanta kuɗi mai sunansa bai shiga kasuwa ba, amma namu masu huda sun fita tunda ba sa jiran hoto. Labarin na da daɗi, shi ya sa ake ɗauka suna da tsada. Ba su da ita, an buga su da yawan gaske. Wanda ake nema shi ne na kuskure, mai sunan Edward a gaba da 1945 a baya, inda aka haɗa tsohon hatimi da sabo. Na juya duk na 1945 ɗaya bayan ɗaya, sunan Joji na Shida ne a kansu kaf.

Wani abu da lissafin ya nuna: mafi yawan kwabban na tsakanin 1940 da 1952 ne. A ganina wannan ba ya rasa nasaba da haƙar kuza a Jos, wadda ta kwashi mazan ƙasar nan masu neman kuɗin haraji, musamman lokacin diban gwamna, wato aikin tilas, a Yaƙin Duniya na Biyu. Goggo ta ce mijinta na farko ya je, ya dawo da tari da ɗaurin kwabbai. Na rubuta haka a gidan asali.

Asabar, 14 ga Disamba 2024

Hunturu ya shigo, ƙura har cikin adaka. Na fasa sayen albam ɗin leda mai laushi da ake sayarwa a shagunan littattafai. Irin wannan leda tana tsatso wani maiƙo in ta daɗe, ya bar kore mai danƙo a jikin ƙarfe. Na yanka farar takarda marar sheƙi na yi ƙananan ambulan, kowane kuɗi da nasa, lambar rajista a kai da fensir. Kwalin ashana babba yana cin ashirin. Ba kyau a ido, amma ba ya ɓarna.

Na samu wuri wajen wata mai sayar da kayan gargajiya a kasuwar Wunti, masu yankakken baya irin na zurawa a zare. Lamba ta ɗaya a allo ta samu.

Asabar, 11 ga Janairu 2025

Yini guda na yi a rumfar wani dattijo maƙerin fari a cikin gari, kuma shi ne yinin da ya fi kowane amfani tun da na fara.

Na je ne da tambaya ɗaya: ina sulallan azurfa suka shiga? Daga 1913 zuwa 1919 taro da sisi da sule da fataka duk azurfa ce mai kyau, kashi 925 cikin 1,000. A 1920 azurfa ta yi tsada a duniya, aka rage ta zuwa rabi, a shekarar kuma aka watsar da ita aka koma gaci mai ruwan ɗorawa. Cikin gwangwanayen Goggo ko ɗaya na azurfa babu. Dattijon ya yi dariya, ya nuna mini awarwaro da zobba da ke rataye. Ya ce tun zamanin mahaifinsa duk sulen da ya yi amo mai kyau wuta yake shiga, ya fito munduwa ko kayan doki. Wato azurfar ba ta bar ƙasar ba, tana hannun matanmu, suffa ce ta sake.

Ina zaune ya zaro wata babbar dala daga kwalla, mai hoton mace a gaba da gaggafa mai kai biyu a baya.

"Baba, wannan ma wuta za ta shiga?"

"To me za a yi da ita, ɗana? Mai ita zobe take so ta yi wa 'yarta."

Dalar Mariya Tariza ce, sarauniyar Ostiriya. Ita ce babban kuɗin fatake kafin Turawa, matafiyin nan Bajamushe Heinrich Barth ya tarar a Kano a 1851 ana ba da wuri 2,500 a kan dala ɗaya. Duk wadda za ka gani 1780 ne a jikinta, shekarar da sarauniyar ta rasu, kuma nan ne mutane ke ruɗewa. Ba a daina bugawa ba, shekarar ce kawai aka daskarar, domin Larabawa da Habashawa da fatakenmu ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama. An buga ta a Biyana, babban birnin Ostiriya, an buga a Rum da Landan da Faris da Bombay, har yau ɗin nan ana bugawa a Biyana. Saboda haka dala mai 1780 tana iya zama sa'ar kakan kakanka, tana iya zama ƙanwar ɗanka.

Sabuwa nauyinta giram 28.06 ne, azurfa kashi 833 cikin 1,000. Wannan ta ba ni 27.8, daidai da wadda ta sha hannu. A gefenta akwai tabon inda aka taɓa liƙa mata kunne don ratayawa a kitso, irin na matan Fulani. A kasuwar masu tarawa wannan tabo aibi ne, yana karya farashi. A rajistata shi ne shaidar cewa a nan ta yi rayuwarta.

Ya nuna mini yadda yake gwaji, ba sikeli ba madubi. Ya sake ta a kan uwar maƙera, ta yi ƙara siririya mai tsawo. Ya ɗauko wata da ya ajiye don koya wa yara, ita ma 1780, ya sake ta, ta faɗi tim ba amo. Na ɗora ta a sikeli, giram 24 da 'yan kai, rubutun da ke zagaye da kaurin bakinta kuma duk ya cakuɗe, alamar zubi aka yi a ƙasa ba bugu ba. Mayen ƙarfe bai kama ko ɗaya cikinsu ba. Wannan ya kamata masu yawo da mayen ƙarfe a aljihu su sani: baƙin ƙarfe kawai yake tonawa, dalma da gaci wucewa suke abinsu.

Mun shirya zai tambayi mai dalar, in ta yarda in biya kuɗin azurfar da ɗan ƙari, shi kuma ya yi mata zoben da wata azurfar.

Lahadi, 2 ga Fabrairu 2025

Dala ta zo hannu. Lamba 248.

Labari ya bazu a unguwa cewa ina sayen tsohon kuɗi, kuma ba alheri ne zalla ba. Jiya wani matashi ya yi sallama da ƙullin kwabbai arba'in, suna walƙiya har suna ɗaukar ido.

"Kawu, na wanke maka su tas. Toka da lemon tsami na sa, kwana na yi ina dirza."

Na ba shi madubi na ce ya duba da kansa. Fuskar kowane kwabo ta cika da ƙananan zane kamar an bi ta da tsintsiya, duwatsun kambi sun shafe. Duhun da ya kankare shi ne fatar da ƙarfe ya yi wa kansa a shekara tamanin, kuma shi masu saye ke fara dubawa. Kwabon da aka dirza ba ya komawa. In ƙasa ce ta kama shi, a jiƙa a ruwa mai tsabta, a ɗauke da tsinken itace a hankali, a shanya a inuwa. Iyakarta ke nan.

Amma ba wannan ya kawo shi ba. Wani ya kira shi a waya ya ce kwabo mai huda yana da jar zaiba a ciki, Turawa na saye miliyoyi, sai dai a fara turo kuɗin maganin gwaji. Wannan zance ya daɗe yana yawo, yau a kan kwabo, gobe a kan tsohon dutsen guga ko keken ɗinki. Kwabo jan ƙarfe ne da nikel, na 1952 zuwa sama kuma tagulla, ba komai a cikinsa sai shi kansa. Mai sayen ba ya taɓa bayyana, mai maganin gwajin ne kullum yake kusa. Na ce masa kada ya tura ko sisi. Bai ji daɗi ba, na ga alama yana zaton so nake in karya masa farashi in saye da arha. Don haka ban saya ba, ko guda.

Wannan ne ɓangaren aikin da ya fi nauyi, gaya wa mutum cewa abin da kakarsa ta ɓoye shekara sittin bai kai kuɗin buhun masara ba. Tsufa kaɗai ba ya sa tsada. Abu uku ne: ƙarancinsa, lafiyarsa, da samun mai so. Kamfanonin tantancewa na Amurka suna aiki da ma'aunin Sheldon mai hawa 1 zuwa 70. Ni hawa biyar na yanka wa kaina: ya shafe, ana karantawa, mai kyau, mai kyau ƙwarai, sai wanda bai shiga hannu ba. A sule ina duba gashin sarki da ganyen kwakwar da ke baya, su ne ke fara cinyewa. A kwabo kuma kambi da inda layukan tauraro suka haɗu. Cikin duk abin da na rubuta zuwa yau, huɗu ne kacal suka hau hawa na huɗu, na biyar babu.

Lahadi, 16 ga Maris 2025

Azumi ya rage tafiye-tafiye, sai na juya kan takarda. Kafin a kama na kai wa Bappa ziyara a Misau. Ya yi malantar awon gyaɗa da auduga a ƙuruciyarsa, kuma mutum ne mai ajiya. Ya sa aka jawo adaka daga ƙarƙashin gado. Gara ta riga mu, ta shiga ta ƙasa ta cinye rasiɗan haraji da rabin wata fam biyar. Abin da ya tsira shi ne wanda ya sa a tsakiyar wani littafin fiƙihu mai bangon fata: jar fam ɗaya da sule goma na farkon Babban Bankin Najeriya, sai naira ɗaya mai hoton Herbert Macaulay.

Na ce, "Bappa, yaya aka yi ba ka kai su canji ba?"

Ya ce, "Mantuwa ce, yaro. Da na tuna da su da tuni an ci tuwo da su."

Amsar nan ita ce dalilin da ya sa takarda ta fi ƙarfe wuya a ƙasar nan. Ƙarfe in an daina karɓarsa sai a watsa a gwangwani. Takarda kuwa babban kuɗi ce, ba mai barinta ta mutu a hannunsa, kuma an yi ta kiran mutane su kawo. Babban Banki ya fara aiki ranar 1 ga Yuli 1959 ya fitar da nasa, masu ɗauke da kwanan watan 15 ga Satumba 1958, aka janye na hukumar Turawa. A 1965 aka sake, don a nuna ƙasa ta zama jamhuriya. A Janairun 1968 aka sake cikin gaggawa, don a kashe kuɗin da ke hannun Biyafara. Ranar 1 ga Janairu 1973 naira ta zo, fam ɗaya ya zama naira biyu, sule goma naira ɗaya. A Afrilun 1984 gwamnatin Buhari ta rufe iyakoki ta sauya launin takardu, ban da ta kwabo hamsin, aka ba mutane kwanakin da ba su wuce mako biyu ba. Kowane canji shara ce, abin da ya tsallake sai na mantuwa, shi ma gara da asu da ruwan damina na jiransa.

Takarda a haske ake duba ta. Ina ɗaga ta saitin taga in ƙirga karaya, in nemi hudar allura ko ta abin maƙala takardu, in duba kusurwoyi huɗu ko sun lanƙwashe, sannan in shinshina. Wadda aka wanke aka goge da dutsen guga tana da santsi marar rai, wani lokaci har da ƙanshin sitati. Fam ɗin Bappa karaya uku gare shi, ba yaga, launi bai koɗe ba. Shi ne abu mafi daraja a rajista yanzu, ya fi dalar nesa. Wani maƙwabci da ya gani ya ba ni shawara in kai a manne shi cikin leda mai zafi kamar katin shaida. Allah ya kiyaye. Takardar da aka yi wa haka ta gama yawo, ba mai karɓarta.

Shafin da na fi ɗoki shi ne na naira biyar. Tun 2 ga Yuli 1979 hoton Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa ke kanta, ga kabarinsa nan cikin gari muna wucewa kullum. Ta farko koriya ce, ta 1984 ta koma ruwan makuba. Takardun wancan zamani ba su da shekara a jiki, da sa hannun gwamnan banki ake gane lokacinsu: Ola Vincent daga 1977 zuwa 1982, Abdulkadir Ahmed daga 1982 zuwa 1993, Paul Ogwuma daga nan zuwa 1999. Abdulkadir Ahmed mutumin Jama'are ne. Ke nan akwai naira biyar da hoton kanta na ɗan Bauchi ne, sa hannun ma na ɗan Bauchi. Ina da ita guda biyu, ɗaya sabuwa dal. Koriyar ce ta gagara, wadda na gani ɗaya an rubuta lissafin bashi a bayanta da biro.

Zan jera ta takarda mai ajami kusa da wadda aka fitar a 2007 da aka cire ajamin, sannan ta leda ta 2009. Yara su gani da idonsu, malaminsu ya yi bayani.

Asabar, 12 ga Afrilu 2025

Bayan Salla na leƙa Gombe. A tsohuwar kasuwa wajen 'yan gwangwan na tsinci abin da ya cike mini jerin 1959 mai hoton Sarauniya: taro mai kusurwa goma sha biyu da auduga a bayansa, sisi mai koko, sule mai ganyen kwakwa, fataka mai gyaɗa. A awo suke sayarwa, haɗe da makullai da murafen famfo. Na 1973 ma sun samu ban da rabin kwabo: kwabo ɗaya mai rijiyoyin mai, biyar mai koko, goma mai kwakwa, ashirin da biyar mai dalar gyaɗa. In ka jera biyun sahu-sahu za ka ga ranar da man fetur ya shigo cikin amfanin gona, a kan ƙaramin kwabo ya fara.

Wanda ya kai ni ya haɗa ni da wani tsohon soja da ya yi yaƙin basasa. Ya fito da kuɗin Biyafara daga cikin tsohuwar jakar kaki, fam ɗaya-ɗaya guda goma sha ɗaya da sule biyar guda biyu, masu hoton fitowar rana da bishiyar kwakwa. 'Ya'yansa sun ji a waya cewa dukiya ce.

Na ce, "Baba, gaskiya fam ɗayan nan tana da yawa a duniya. Bayan yaƙi an fitar da ɗauri-ɗauri da ba a taɓa kashewa ba, wasu ko lamba ba a buga musu ba. Naka suna da lamba, sun sha hannu, an ci kasuwa da su. Amma kuɗin da za a ba ka ba zai kai abin da yaran nan ke zato ba."

Ya ce shi dama bai ce zai sayar ba. Ya ba ni ɗaya kyauta, da sharaɗin in rubuta garin da ya samo ta da shekarar, 1969, kada in rubuta sunansa. Na yi ta tunani ko tana da gurbi a allon, tunda ba a taɓa cefane da ita a Bauchi ba. Na yanke za ta shiga, a gefe, kusa da fam ɗin 1968, don ɗaya ba ta fahimtuwa sai da ɗayar.

A mota wani ya tambaye ni ko ina sayen tsohuwar dubu ɗaya ta kafin canjin 2022. Ba na saye. Har yanzu kuɗi ce da ake karɓa bisa hukuncin Kotun Ƙoli, kuma sashe na 21 na dokar Babban Banki ta 2007 ya hana cinikin takardar naira, da tarar aƙalla naira 50,000 ko ɗaurin aƙalla wata shida. Wadda zan sa a allo daga aljihuna za ta fito.

Asabar, 5 ga Yuli 2025

Damina ta kankama, ɗakin ya fara warin sanyi. Da na buɗe kwalaye na tarar kwabbai uku na tagulla, cikin na 'yan gwangwan, sun fitar da wani kore mai haske, gari-gari, yana bin yatsa. Wannan daban yake da koren nan mai duhu da ya kama jiki ya zauna lafiya. Ciwo ne, gishirin da ƙarfe ya sha a ƙasa ne ke tashi in ya samu laima, yana cin rami, kuma garin na iya bin na kusa. Na ware su, na kankare garin da tsinke, suna jiƙe a tataccen ruwa irin na batir ina sauyawa. Sauran na mai da su cikin robar abinci mai murfi da ke kamawa gam, na zuba ƙananan ƙullin nan masu shan laima da ake samu a kwalin takalmi da na magani. Takardu kuma na ɗauke su daga jikin bango, suna saman kabad tsakanin fararen takardu.

Asabar, 9 ga Agusta 2025

Rajista ta kai lamba 412, amma waɗanda za su hau allo 46 ne, sauran maimai ne ko sun shafe. Biyu daga cikin kwabbai ukun sun tsaya, na ukun ya ci gaba da fitar da kore, na bar shi a kwalba shi kaɗai. An samu sule ɗaya na azurfa na 1916 daga Azare, ta hannun wata Hajiya da ta ce na kakarta ne, giram 5.5 maimakon 5.65, kan Sarki Joji na Biyar ya kusa shafewa. Na sa shi a hawa na biyu, zai riƙe gurbi kafin a samu wanda ya fi shi.

Guraben da ke fanko: aninin alminiyam na 1907, fataka ta azurfa, kowace irin takarda ta hukumar Turawa, rabin kwabon 1973, naira ashirin ta farko mai hoton Murtala ta 1977, da koriyar naira biyar mai lafiya. Takardar hukumar Turawa ita nake ganin sai dai a saya daga waje, kuma in hakan ta faru zan rubuta a ƙarƙashinta cewa ba a nan aka samo ta ba.

Kafinta ya zo ya auna. Ya so ya sa katako mai ƙamshi da fenti a ciki, na ce a'a, tururinsu na ɓata ƙarfe, a shimfiɗa farin yadi na auduga kawai. Gilashi biyu zai yi, gaba da baya, don a ga kowace fuska ba sai an taɓa ba. Bayanan ƙarƙashi za a rubuta su da boko da ajami, wani malamin allo a unguwarmu ya karɓi na ajamin. In ruwa ya ɗauke zan bi ta Jama'are da Katagum, an ce mini akwai gidajen tsofaffin fatake da ba a taɓa buɗe adakunsu ba tun rabon gado. Maƙerin fari kuma ya aiko cewa an kawo masa wasu sulalla narkawa, zai dakata da su zuwa Laraba.